Abin da Yashin Ƙasarmu Ke Faɗa Game da Daminar Mutanen Dā



Duk inda dattawa suka zauna a Fika, Gadaka ko Potiskum, idan hira ta kai kan damina, magana ɗaya ce za ka ji: ruwan yanzu ba kamar na dā ba. Gaskiyarsu ne. Amma wane dā ake nufi? Tunanin dattijo bai wuce shekara 80 ba, labarin da ya ji daga kakansa kuma bai wuce 150 ba. Ma'aunin ruwan sama da Turawan mulki suka fara kafawa a garuruwan Arewa shekarunsa ɗari ne da 'yan kai. Ƙasar da muke nomawa kuwa ta ga damina dubbai kafin a haifi kakan kowa. A yau za mu duba yadda masana suka gano hanyar tambayar yashi tarihin ruwan sama, da amsar da yashin Yobe da Borno ya ba su. Amsar ta shafi rijiyoyinmu, da gonakinmu, da inda muke gina gidaje.

Kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, ba nisa da Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a zurfin kusan mita 5. Da labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfot ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin a 1994. Abin da suka tarar kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungumen itace guda, tsawonsa mita 8.4. Awon kabon da aka yi a ɗakunan bincike biyu na Jamus ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. Yanzu yana ajiye a Damaturu.

Mutum ba ya ɓata watanni yana fafe itace mai tsawon mita 8 sai in akwai ruwan da zai tuƙa shi a kai. To ruwan nan yaushe ya zo, yaushe ya tafi? Kuma tafiyarsa a hankali ce ko farat ɗaya? Awon kabon yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rai: itace, gawayi, ƙashi, ɓawon katantanwa. Yawancin ƙasarmu kuwa yashi ne tsantsa, babu gawayi babu ƙashi. Shi ya sa aka daɗe ana kallon jigayi da tsoffin gaɓar ruwa ba tare da an iya cewa ga shekarunsu ba, har sai da aka samu hanyar auna yashin kansa.

Yadda ƙwayar yashi ke riƙe lissafi

Tun a 1663 wani masani a Ingila mai suna Robert Boyle ya lura cewa dutsen lu'ulu'u yana ɗan haskawa a cikin duhu idan aka ɗumama shi. Shekara ɗari uku bayan haka, a shekarun 1960, Martin Aitken da abokan aikinsa a Jami'ar Oksfod suka mayar da wannan abin mamaki ya zama hanyar gane shekarun tukwane: a gasa ɗan garin kasko, a auna hasken da ya fitar, a san yaushe aka ƙona shi. Da wannan hanya aka auna wasu daga cikin mutum-mutumin Nok na kudancin Kaduna. Sai a 1985 David Huntley da mutanensa a wata jami'a ta Kanada suka nuna cewa ba sai an gasa ba, haske kaɗai ya isa ya fitar da abin da yashi ya ɓoye. Wannan ita ce hanyar da masana ke kira OSL a taƙaice. Mu kira ta awon hasken yashi.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙasa akwai ɗan burbushin yuraniyom, da toriyom, da fotashiyom, waɗanda ke fitar da wani ƙarfi da ido ba ya gani, kaɗan-kaɗan, dare da rana, ba ya cutar da kowa. Ƙwayar yashi, musamman farar nan mai ƙyalli, tana da 'yan ramuka a cikin jikinta inda wannan ƙarfi ke taruwa muddin tana binne cikin duhu. Da zarar rana ta haska ta, cikin daƙiƙoƙi zuwa mintuna, sai duk abin da ta tara ya zube, ta koma fanko.

A ɗauke ta kamar randar da aka ajiye ƙarƙashin rufi mai yoyo. Idan ka san ruwan da ke ɗiga a kowace rana kwano 2 ne, ka zo ka tarar da kwano 40 a randar, ka san kwana 20 ke nan rabon da a zubar da ita. Rana ita ce mai zubar da randar. Don haka abin da ake aunawa shi ne tsawon lokacin da ƙwayar yashi ta yi rabonta da ganin rana, wato ranar da iska ko ruwa ya ajiye ta, wani yashin ya rufe ta.

Saboda haka ɗibar samfurin yana da ƙa'ida. Ana haƙa rami, a buga bututun ƙarfe ko na baƙar roba a bangonsa, a toshe bakin biyu kafin haske ya shiga. A ɗakin bincike ba a kunna farar fitila, sai ja mai rauni. Ana wanke ƙwayoyin, a haska musu shuɗin haske a cikin na'ura, su kuma su fitar da wani ɗan haske nasu wanda na'urar ke ƙirgawa. Yawan hasken shi ne ruwan cikin randa. Sai a auna ƙasar da aka ɗebo samfurin a cikinta don sanin yawan ɗigon kowace shekara, a raba wancan da wannan. Hanyar tana aiki daga 'yan shekaru goma-goma har zuwa sama da shekara 100,000, kuma kuskurenta yakan tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari.

Tana da iyaka. Baƙin yumɓun nan mai faifai da masana duwatsu suka raɗa wa sunan garin Fika, wanda ya kwanta a ƙarƙashin teku sama da shekara miliyan 70 da suka wuce, ya fi ƙarfinta, domin randarsa ta daɗe da cika ta tumbatsa.

Ina ruwan sama ya shigo?

Ƙwayar yashi ba ta cewa milimita kaza aka yi a shekara kaza. Lokaci take bayarwa, sai mai bincike ya dubi irin wurin da ya same ta. Idan a cikin jigawa ce wadda iska ta tara, to a lokacin ciyawa ta yi ƙarancin da ba ta iya riƙe ƙasa, alamar fari ke nan. Idan a tsohuwar gaɓar tafki ce, inda igiyar ruwa ta jera yashi da tsakuwa, to ruwa ya kai nan a wannan lokaci. Idan kuma shimfiɗar kogi ce, girman ƙwayoyin yana nuna ƙarfin ruwan da ya kawo su.

Masana ba sa dogara da shaida ɗaya. Jigawa tana iya motsi saboda ƙarfin iska ko yawan kiwo, ba sai fari kaɗai ba, kuma iska tana share tsohon rubutunta ta yi sabo a kai. Yashin da kogi ya kwaso cikin dare ko cikin ruwa mai laka wataƙila bai ga rana sosai ba, sai ya nuna shekarun da suka fi na gaskiya. Shi ya sa ake haɗa awon da wasu shaidu daga lakar ƙasan tafki: garin furen itatuwan da suka taɓa tsirowa a wurin, ɓawon ƙananan halittun ruwa da ke nuna ko ruwan daɗi ne ko na gishiri, da yawan ƙurar da ta sauka. Sai shaidun sun yi daidai a yanke hukunci.

Lokacin da hamada ta zo har ƙofar gida

Wanda ya bi hanyar Damaturu zuwa Gashuwa zai ga dogayen tuddan yashi a jere wajen Lantewa, ciyawa da itatuwa sun rufe su. Irinsu sun bazu har ƙasar Hadeja da Kano, kuma daga irin wannan ƙasa jihar Jigawa ta samo sunanta. A 1958 masanin ƙasa A. T. Grove ya bayyana su a matsayin ragowar tsohuwar hamada. Awon da aka yi daga baya a faɗin yankin Sahel ya nuna cewa a ƙarshen zamanin ƙanƙara na duniya, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita fiye da inda take yau, Tafkin Chadi kuma ya kusa ƙafewa ko ya ƙafe gaba ɗaya. Gonakin gero da wake da yawa na arewacin jiharmu a bayan waɗannan matattun jigayi suke.

Lokacin da tafki ya kai Maiduguri

Daga nan sai al'amari ya juya. Akwai wani dogon tudun yashi da ya ratsa ta Bama da Maiduguri ya nufi arewa maso yamma, wanda masana ke kira Tudun Bama. Shi ne tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi. A kansa, kusa da Konduga, an tono fasassun tukwane da suka haura shekara 6,000, shaidar cewa mutane sun zauna a bakin wannan ruwa.

A 2015 wasu masana uku daga jami'o'in Landan, Simon Armitage, Charlie Bristow da Nick Drake, suka wallafa sakamakon awon hasken yashi da suka yi a kan tsoffin gaɓoɓin tafkin. Sun gano cewa ruwan ya cika maƙil tun kimanin shekara 11,500 da suka wuce, ya zauna a haka har zuwa kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Faɗinsa a lokacin ya kai murabba'in kilomita 360,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na girman Najeriya. A tuna cewa a 1963, lokacin da iyayenmu ke ganin tafkin ya cika, murabba'in kilomita 25,000 ne kawai. A wancan zamani na yalwar ruwa aka sassaƙa kwalekwalen Dufuna. Shaidar garin fure daga Tafkin Tila da ke kusa da Biu ta nuna itatuwan da yau sai a kudu ake samunsu sun taɓa tsirowa a wannan yanki.

Dalilin wannan sauyi yana cikin juyin duniya. Karkatar duniya a hanyarta ta zagaya rana tana yin wani lilo a hankali, wanda ke cika zagaye ɗaya cikin shekara kusan 21,000. A wancan lokaci zafin bazara a arewacin duniya ya fi na yanzu, sai ƙasa ta riƙa jawo iskar damina daga teku da ƙarfi, tana kai ta can cikin Sahara.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a binciken na 2015 shi ne yadda ruwan ya tafi. Bai janye sannu-sannu cikin dubban shekaru ba. Wajen shekara 5,000 da suka wuce ya faɗi da sauri, cikin 'yan ɗaruruwan shekaru. Kwarin Bodele na arewacin Chadi, wanda shi ne wuri mafi zurfi na tsohon tafkin, bai gama bushewa ba sai kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Daga can ne yawancin hazon hunturu ke tasowa. Ƙurar da ke rufe mana gari a watan Disamba da Janairu busasshiyar lakar tsohon Tafkin Chadi ce.

Da ruwa ya janye, mutane suka bi bayansa. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, an tono garuruwan makiyaya masu shanu da suka zauna a sabuwar ƙasar tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya suka kama noman gero. Baƙar ƙasar firki da ake dasa masakwa a cikinta yau kwancen wancan ruwa ce.

Shaidar dausayin Manga

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne wanda aka yi a shekarun 1990 a ƙasar Manga, arewacin Yobe, yankin jigayi da kwarurukan kanwa irin na Tulo-Tulo da Bulatura. Wata tawaga da ta haɗa da Alayne Street-Perrott, Jonathan Holmes da Stephen Stokes ta zaro lakar ƙasan dausayin Kajemarum da Tafkin Bal, ta auna shekarunta da kabon, ta kuma auna jigayin da ke kewaye da hasken yashi. Sun wallafa sakamakon a 1999 da 2000, kuma tarihin shekara 5,500 suka karanta a Kajemarum.

Ga abin da suka samu. Ƙurar hamada ta fara ƙaruwa kimanin shekara 4,700 da suka wuce. Bayan kimanin shekara 4,100 da suka wuce ruwan damina ya ragu, bai sake komawa yadda yake ba. Daga kimanin shekara 1,500 da suka wuce kuma aka shiga zamanin fari mai dogon zango, wanda kan ɗauki shekaru goma-goma, wani har ɗari. Mafi tsanani ya faɗo tsakanin shekarar 750 da 950 miladiyya, tun kafin musuluntar sarakunan Kanem a ƙarni na 11. Hukuncin masu binciken shi ne, farin da ya kama Sahel daga 1968 ba shi ne na farko ba, kuma akwai waɗanda suka fi shi daɗewa.

A 2007 wasu masana biyu, Maren Gumnior da Frank Preusser, suka wallafa awon hasken yashi na tsoffin shimfiɗun kogin Komadugu, wanda ya nuna kogin ya sha canza hali da hanya gwargwadon sauyin damina. Wannan kogi ne Mai Ali Gaji ya zaɓa ya kafa Birnin Ngazargamu kusa da shi wajen shekarun 1470. Tarihin ƙaura na al'ummomin wannan yanki, Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo, cike yake da labarin tasowa daga gabas da neman mazauni. Yashi ba zai faɗi sunan kowace kabila ba, amma ya tabbatar da cewa ƙasar da ake cewa an taso daga cikinta ta sha bushewa a cikin waɗannan ƙarnoni.

Abin da wannan tarihi ke koya mana

Na farko, gwajin da muka sani ba shi ne iyakar gwaji ba. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, lokacin da shanu suka mutu a hanya, Tafkin Chadi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Waɗannan shekara biyu ne ko uku a jere. Ƙasar nan ta taɓa ganin wanda ya wuce rayuwar mutum guda. Duk wani shiri na ruwan sha, rumbun hatsi ko burtali da aka gina a kan zaton cewa fari ba ya wuce damina biyu, an gina shi a kan gajeren tunani.

Na biyu, kada mu ɗora komai a kan abu ɗaya. A shekarun 1930 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi ta shelar cewa Sahara na cinye Arewa saboda noma da kiwon talakawa. Hukumar haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ta zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937 ba ta samu shaidar da ta kai yadda ya faɗa ba. Yashi ya nuna hamada ta zo ta koma tun babu gatari. Amma wannan bai wanke mu ba. Tsoffin jigayin Lantewa da na Manga barci suke yi, ciyawa da saiwar itace ne bargonsu. Wanda ya sare itacen ya ƙona gawayi, ya bar dabbobi suka cinye ciyawar har ƙasa, ya tayar da abin da ya yi shekara dubbai a kwance. Mutanen Yusufari da Yunusari da ke kwashe yashi daga ƙofar ɗakunansu sun san haka. Ga kuma madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992, da suka rage ambaliyar da fadamun Hadeja da Nguru ke rayuwa da ita, sannan ga ɗumamar yanayi ta wannan zamani da ta zo ta ƙaru a kan tsohon juyi.

Na uku, ruwan ƙarƙashin ƙasa gado ne. Binciken da masana suka yi a kwarin Chadi, cikinsu har da Ibrahim Baba Goni na Jami'ar Maiduguri, ya nuna ruwan da ke can ƙasa sosai ya sauka ne dubban shekaru da suka wuce, kuma daminar yanzu ba ta mayar da shi yadda ake zuƙarsa. Kowa ya san zurfin rijiya a ƙasar Potiskum da kewayenta. Burtsatsen da aka bari yana zuba dare da rana ba mai kula, ajiyar jikoki ake zubarwa.

Na huɗu, hanyar ruwa ba ta mantuwa. Kwarin da ya yi shekara 30 a bushe kwari ne har gobe. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da ɓallewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a watan Satumba na 2024, sun isa tunatarwa. Kafin a yanka fili ko a sayi puloti, a tambayi dattawan unguwa ina ruwa ke bi a shekarun 1950 da 1960, lokacin da damina ke da ƙarfi.

Kira ga 'yan uwa

Da makiyayin Dufuna ya fasa katakon nan ya yi makamashi da shi, da babu wanda zai san Yobe na da jirgi mafi tsufa a Afirka. Masu haƙar rijiya, masu ɗibar yashi da tifa, da masu tonon tushen gini su ne ke fara cin karo da irin waɗannan abubuwa. Wanda ya ga tsohon katako, tarin kasko, ƙashin kifi ko ɓawon katantanwa a zurfin da bai saba gani ba, ya dakata, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sanar da mai unguwa ko hakimi don a kai labari ga hukumar gidajen tarihi. Kada a kwashe ƙasar da ke kewaye da abin a baza ta a rana, domin da haske ya taɓa ta lissafinta ya goge ke nan har abada.

Ga matasanmu kuma da ke karatu a Jami'ar Jihar Yobe, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum: samfuran binciken da muka ambata a ɗakunan gwaji na Turai aka auna su, alhali yashin namu ne. Fannin ilimin ƙasa da na tono kayan tarihi suna buƙatar 'ya'yan wannan yanki, waɗanda suka san sunan kowane kwari da kowace fadama, kuma za su iya zama da dattawa su haɗa abin da baki ya riƙe da abin da na'ura ta auna.

Wanda ya san wani tsohon kwari, tafkin da ya ƙafe ko rijiyar da aka taɓa tono wani abin mamaki a cikinta a ƙasar Fika, ya rubuto mana sunan wurin da abin da ya ji daga manya, mu tattara mu adana.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya. Amin.

Sakataren Ƙungiya